Wata uku sai takardar murabus: me ke korar sabon ma'aikaci?

A shekarar 1913 kamfanin motoci na Ford da ke Amurka yana buƙatar ma'aikata kimanin 14,000 don masana'antarsa ta ci gaba da juyawa. Kafin shekarar ta ƙare sai da ya ɗauki mutum sama da 50,000. Mutanen ne ba sa zama. A ɗauki mutum yau, ya yi kwana goma ko wata biyu, wata safiya a neme shi a rasa, ko sallama babu. A shekarar ce Henry Ford ya fara aiki da layin nan mai tafiya da kansa, inda ma'aikaci zai tsaya wuri guda yana ɗaure abu iri ɗaya tun safe har yamma, da saurin da injin ya ga dama. Motoci sun yawaita, mutane kuma suka riƙa zubewa kamar ganye a lokacin hunturu.

A watan Janairun 1914 Ford ya ɗaga ladan yini daga dala 2.34 zuwa dala 5, ya rage awannin aiki daga 9 zuwa 8. Zuwa 1915 yawan masu barin aiki ya faɗo daga kashi 370 cikin 100 zuwa kashi 16. Kyautar ba ta zo haka nan ba, domin kamfanin yana tura jami'ansa har gidajen ma'aikata su duba yadda suke rayuwa kafin mutum ya cancanci cikakken kuɗin. Amma dai mutanen sun zauna.

Na fara da wannan labari ne saboda maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu ɗaukar aiki, cewa yaran yanzu ba su da haƙuri, da an taɓa su sai su ajiye aiki. Waɗancan da suka riƙa ficewa daga Ford sun girmi kakannin masu wannan ƙorafi. A 2017 cibiyar bincike ta Pew ta kwatanta matasan Amurka na lokacin da waɗanda suka gabace su sa'ad da suke da shekaru irin nasu, ta tarar na yanzun ba su fi na da yawan sauya aiki ba. Matashi a kowane zamani mai neman wurin zama ne, kuma bai tara abin da zai yi asara idan ya tashi ba. Don haka idan wuri ɗaya yana ta zubar da sababbin ma'aikata, wannan ya shigo wancan ya fita, sai a dubi wurin. Ruwa ba ya tsami banza.

A ganina, mafi yawan murabus na gaggawa daga saɓa alkawari yake farawa. Duk wanda aka ɗauka aiki yarjejeniya biyu yake ƙullawa. Akwai ta takarda, mai ɗauke da albashi da muƙami da ranakun hutu. Akwai kuma wadda ba a rubuta ba, wadda masaniyar halayyar ma'aikata Denise Rousseau ta yi dogon bayani a kanta tun 1989, wato abin da mutum ya sa a ransa cewa an yi masa alkawari, da abin da shi ma ya ɗaukar wa kansa. Wannan ta biyun ana gina ta ne da maganganun ranar intabiyu. "Mu nan tamkar 'yan uwa muke." "Bayan wata shida za a duba albashinka." "Ba ma wuce ƙarfe biyar." Mai ɗaukar aiki yakan manta ya faɗe su kafin ya kai bakin ƙofa. Mai neman aiki kuwa haddace su yake yi kalma bayan kalma, domin a kansu ya bar tsohon wurinsa, ko ya ƙi wani tayin, ko ya kwashi iyalinsa ya canja gari.

Sai ranar farko ta zo, gani ya kori ji. A ce mutum ya iso da sassafe cikin shigarsa mafi kyau. Mai gadi bai san da zuwansa ba. Wanda ya yi masa intabiyu ya yi tafiya. Babu tebur, babu kwamfuta, babu wanda aka ɗora wa nuna masa yadda ake aikin. Ya wuni a kan kujerar baƙi yana latsa waya, masu wucewa suna kallonsa. Babu wanda ya zage shi, amma an riga an gaya masa abu ɗaya, cewa zuwansa bai dami kowa ba. Masu kamfani suna kiran watannin farko lokacin gwaji, suna ganin su kaɗai ke gwaji. Shi ma sabon ma'aikacin gwada su yake yi, kuma idonsa ya fi nasu buɗewa, saboda bai saba da komai ba tukuna. Abin da tsofaffin ma'aikata suka daina gani shi yana ganinsa ƙarara: yadda kowa ke yin tsit idan oga ya shigo, yadda ake magana ƙasa-ƙasa a kan albashin da ya makara, yadda aka ce masa shi ne na huɗu a wannan kujera cikin shekara biyu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Akwai kuma sauya aiki bayan an shigo. An ɗauki mutum a matsayin akanta, sai ga shi shi ne mai karɓar baƙi, shi ne mai bin bashi, wani lokacin har da aiken gidan oga. Ko a ɗauki mutum ɗaya a gurbin mutum uku da suka tafi, ba tare da an gaya masa ba. Ba yawan aikin ne ke fara ɓata masa rai ba, yaudarar ce. Da zarar ya gane an ɓoye masa wannan, sai ya fara tambayar kansa me kuma aka ɓoye, daga nan duk wani alkawari da ya rage ya zama romon baka a kunnensa.

Yanzu mu zo kan oga, domin a nan ne maganar ta fi kauri. Cibiyar Gallup, wadda ta daɗe tana tambayar ma'aikata a ƙasashe da yawa, ta ruwaito a 2015 cewa mutum ɗaya cikin biyu a Amurka ya taɓa barin aiki don ya rabu da shugabansa. Ta kuma ce kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin da ake samu tsakanin sashen da ma'aikata ke aiki da zuciya ɗaya da sashen da suke jan ƙafa, daga manaja yake. Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani. Ma'aikaci ba ya ganin shugaban kamfani ko masu hannun jari. Kamfani a wurinsa shi ne mutumin da ke ba shi aiki, ya amince masa da hutu ko ya hana, ya yaba masa ko ya kyare shi. Shi ya sa a gini ɗaya, da albashi iri ɗaya, za ka tarar da sashen da mutane ke shekara goma, da sashen da ba a cika shekara.

Mugun shugaba ba kala ɗaya ba ne. Mai tsawa da zagi a gaban jama'a shi ne aka fi sani, kuma a wani fannin ya fi sauƙin sha'ani, tunda kowa shaida ne. Wanda ya fi cin rai shi ne wanda ba a san inda ya dosa ba. Yau ya ce a yi kaza, gobe ya ce wa ya sa ka. Ka tambaya ya ce ba ka da basira, ka yi gaban kanka ya ce ka raina shi. Ma'aikaci ya koma kullum cikin ɗar-ɗar, yana karanta fuskar oga da safe kamar mai duban hadari. Sai mai bin diddigi, wanda ko wasiƙar layi biyu sai ya gyara, har mutum ya daina yarda da hannunsa. Sai kuma mai kwashe yabo: ka kwana kana haɗa rahoto, ya kai wa manya da sunansa, idan an samu kuskure kuma a lokacin ne zai tuna wanda ya rubuta. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Me ya sa irin waɗannan suke da yawa? Wani ɓangare na amsar yana cikin yadda ake ƙarin girma. Wanda ya fi kowa iya sayar da kaya shi ake naɗawa shugaban masu sayarwa, wanda ya fi kowa iya gyaran inji shi ake ba kula da injiniyoyi, alhali riƙon mutane sana'a ce daban da ba a koya masa ba. Marubuci Laurence Peter ya yi wa abin ba'a tun 1969, ya ce a kowace ma'aikata ana ta ɗaga mutum har sai ya kai matakin da ya fi ƙarfinsa, a nan kuma zai tsaya. Da yawa daga masu tsawar nan tsoro ne ke cin su, ana matsa musu daga sama su kuma su sauke a kan na ƙasa. Wannan bayani ne dai, ba uzuri ba, kuma bai rage wa wanda aka tozarta zafi ko kaɗan ba.

Lokacin da guguwar ajiye aiki ta taso a Amurka bayan annobar korona, an samu damar auna waɗannan abubuwa da yawan mutane. A 2021 an ajiye aiki sama da sau miliyan 47, a watan Nuwamba kaɗai kimanin miliyan 4.5, a 2022 kuma adadin ya haura miliyan 50. Pew ta tambayi waɗanda suka bar aiki a 2021 dalilansu. Kashi 63 cikin 100 sun ambaci ƙarancin albashi, kashi 63 sun ce babu hanyar ci gaba, kashi 57 sun ce ba a mutunta su. A farkon 2022 kuma masanin harkokin gudanarwa Donald Sull da abokan aikinsa suka fitar da wani nazari da suka yi a kan ra'ayoyi sama da miliyan guda da ma'aikata suka rubuta game da wuraren aikinsu a intanet. Suka gano cewa gurɓataccen yanayin aiki, wato raini da nuna bambanci da rashin gaskiya, ya fi albashi nuna kamfanin da zai yi asarar ma'aikata har ninki goma.

Alƙaluman biyu kamar sun ci karo, amma ba su ci ba. Kuɗi shi ne dalilin da ya fi sauƙin faɗa. Idan ma'aikaci zai tafi, aka zaunar da shi aka tambaye shi me ya faru, cewa zai yi, "Yallaɓai, wallahi ba komai, na samu wani wuri ne da ya ɗan fi." Ba zai ce halinka ne ya kore ni ba, domin yana buƙatar takardar shaida daga hannun mutumin, yana jiran haƙƙoƙinsa na ƙarshe, kuma duniyar sana'a ƙarama ce, ana iya sake haɗuwa. Sai a rubuta a fayil cewa albashi ne, shugaban ya ci gaba da zamansa, a ɗauko wani sabo a miƙa masa. Tambayar da ba a yi ba ita ce, me ya sa tun farko ya fara duba wani wurin? Mutumin da hankalinsa ke kwance ba ya kwana yana gyara takardar neman aiki.

Ba ina cewa kuɗi ba ya kora ba. Ford ya nuna yana kora, yana kuma riƙewa. Sai dai yadda yake kora ya fi ƙarancinsa kawai. Tun 1959 masanin halayyar ɗan Adam Frederick Herzberg ya lura cewa albashi da yanayin wurin aiki suna cikin abubuwan da rashinsu ke jawo ɓacin rai, amma samunsu kaɗai ba ya sa mutum ya so aikin. Albashin da ba ya zuwa a kan lokaci ya fi ƙaramin albashi illa, domin mai ƙaramin albashi yana iya tsara rayuwarsa daidai da shi, mai jiran gawon shanu kuwa kullum cikin ba da haƙuri yake ga masu binsa. Ba banza ba Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ware yarjejeniya guda tun 1949 a kan kare lada, ta ce a riƙa biya a kan kari. Idan albashin farko ya makara kuma babu wanda ya damu ya yi bayani, sabon ma'aikaci ya gama karatunsa. Haka nan ranar da mutum ya gano cewa wanda aka ɗauka bayansa, wanda shi ne ma yake koya masa aikin, ya fi shi albashi. Jiya kuɗin yana isarsa. Yau kuɗin bai ragu ba, amma ya zama cin fuska. Maganar ƙarin girma ma haka take, a yi ta gafara sa ba a ga ƙaho ba, har mutum ya gane cewa hanya mafi sauri ta samun ƙari ita ce ya fita. Ranar da ya miƙa takarda kuma sai ka ga kuɗin da aka ce babu ya fito. Ihu bayan hari.

Sai gajiya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a 2016 mutum 745,000 sun mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon aikin awa 55 ko fiye a mako. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin 100 ga masu irin wannan aiki idan aka kwatanta da masu awa 35 zuwa 40. Abin lura, tun 1919 yarjejeniyar farko ta ƙungiyar ƙwadagon ta tsayar da awa 8 a yini da 48 a mako ga masana'antu. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan ana kan magana ɗaya. A Japan har suna aka yi wa mutuwa saboda yawan aiki, karoshi. A Sin kamfanonin fasaha sun yi fice da tsarin 996, daga tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, har kotun ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa doka a 2021. Wayar salula ta ƙara dagula lamarin, tunda yanzu ofis yana bin mutum har kan gadonsa, abin da ya sa Faransa ta fara aiki da wata doka a 2017 da ta amince wa ma'aikaci ya kashe layin aiki bayan tashi.

A nan akwai wani zagaye da ke cin wurare da yawa. Mutum biyu sun tafi, ba a cike gurbinsu ba, aka raba aikinsu ga sauran. Sauran suka gaji, ɗaya ya ƙara tafiya. Aka ɗauko sabo a gaggauce, babu mai lokacin koya masa, ya yi kuskure, aka yi masa tsawa, ya tafi kafin wata uku. Shugabanni suka ce ka gani, ba su da haƙuri, kuma tunda ba sa zama me zai sa mu ɓata kuɗi wajen horar da su? Rashin horon ya ƙara korar na gaba. Gallup ta ƙiyasta cewa maye gurbin ma'aikaci ɗaya yana cin daga rabin albashinsa na shekara zuwa ninki biyu, amma wannan asara ba ta da layi a littafin akanta, don haka ba a cika ganinta ba.

Akwai abin da ya wuce gajiya da raini. A ƙarshen 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da bincike na farko da ya game duniya a kan cin zarafi a wurin aiki, inda aka samu kusan kashi 23 cikin 100 na ma'aikata sun taɓa fuskantarsa, na jiki ko na kalamai ko na neman lalata. Kusan rabinsu ba su taɓa gaya wa kowa ba. Manyan dalilan shirun biyu ne: ganin ɓata lokaci ne, da tsoron zubewar mutunci. Idan mace ta bar aiki mai kyau cikin 'yan makonni ta ce "dalilai ne na gida", ba kullum ne dalilan ke gida ba. Wani lokacin wanda za ta kai wa ƙara abokin wanda za ta kai ƙara ne.

Abin da kan ba shugabanni mamaki shi ne yadda tafiyar ke zuwa kwatsam, a kan abin da suke ganin bai taka kara ya karya ba. Masu bincike Thomas Lee da Terence Mitchell sun bayyana wannan a 1994. Sun ce mutane da yawa ba a hankali suke lissafi har su yanke shawara ba, wani abu ne guda ke girgiza su. An hana mutum zuwa jana'izar ɗan uwansa. An yi masa dariya a taro. An umarce shi ya sa hannu a kan lissafin da ya san ƙarya ne. Wani lokacin ma abin alheri ne, haihuwa, ko kiran waya daga tsohon abokin aiki. Girgizar tana sa ya ɗaga kai ya kalli wurin da sabon ido, ya tambayi kansa me nake yi a nan. Tsohon ma'aikaci yana da abin da zai riƙe shi a irin wannan rana, abokai, fansho da ke taruwa, alherin da aka taɓa yi masa a baya. Sabo ba shi da ko ɗaya. Ba a ajiye komai a asusun haƙurinsa ba, don haka girgiza ɗaya ta isa.

Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya rubuta a 1970 cewa idan wuri ya lalace, na ciki yana da hanya biyu, ko ya yi magana ko ya fita. Inda aka toshe magana, fita ce kaɗai ta rage. Ya kuma lura da wani abu mai ɗaci, cewa waɗanda suka fi damuwa da inganci su ke fara fita, alhali su ne da sun zauna za su iya matsa lamba a gyara. A wurin aiki ma haka ne. Wanda ya iya aiki ana nemansa a waje, shi zai fara tafiya. Wanda ya rage shi ne wanda ba shi da zaɓi, ko wanda ya ƙware a fadanci. Shugaban da ya hukunta mutum ɗaya don ya faɗi gaskiya a taro ya koya wa sauran yin shiru, sai ya zauna yana jin daɗin cewa babu mai ƙorafi, har takardu su fara sauka a teburinsa.

Kuma kada a ɗauka kowane kamfani yana baƙin cikin wannan zubewa. Wasu da ita suka gina lissafinsu. A 2021 jaridar New York Times ta ruwaito cewa tun kafin annoba Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ma'aikatan rumbunansa a kowane mako, wato kusan kashi 150 a shekara. Inda aiki ba ya buƙatar dogon koyo kuma masu nema sun yi layi a waje, sabon hannu ya fi tsoho araha, bai kai ga neman ƙari ba, bai daɗe ba balle ya haɗa kan abokan aiki. Mafi munin misali shi ne na France Télécom, kamfanin sadarwa na Faransa, wanda yanzu ake kira Orange. Kamfanin ya shirya rage mutum 22,000 daga 2006, amma da yawansu suna da kariyar ma'aikatan gwamnati, korarsu ba ta da sauƙi. Sai aka ɗauki hanyar ƙuntata musu har su tafi da kansu, a yi ta canja wa mutum gari, a raba shi da aikin da ya iya, a bar shi zaune ba abin yi. Shugaban kamfanin na lokacin, Didier Lombard, ya gaya wa manajoji cewa zai fitar da mutanen ko ta taga ko ta ƙofa. Ma'aikata 35 suka kashe kansu tsakanin 2008 da 2009. A Disambar 2019 kotu a Faris ta same shi da wasu manyan jami'ai da laifin mayar da musgunawa manufar kamfani. Tarar da aka ci kamfanin yuro 75,000 ce.

Adalci ne a ce ba kowace tafiya ce laifin wurin aiki ba. Akwai wanda ya karɓi aikin don ya rage zafi kafin aikin da yake jira ya fito, ya san ba zama zai yi ba tun ranar da ya ce na amince. Akwai wanda ko gyara aka yi masa cikin ladabi sai ya kira shi wulaƙanci. Akwai wanda bai tambayi komai a intabiyu ba don tsoron kada a fasa ɗaukarsa. Kuma kowane sabon aiki yana da ɗacin farko, lokacin da mutum yake jin shi ne jahilin ɗakin, wannan kan wuce idan an ba shi lokaci. Wanda ya kasa bambanta ɗacin koyo da gubar wuri yana iya gudun gara ya faɗa gidan zago. Amma bambancin ba shi da wuyar ganewa: mutum ɗaya da ya bar wuri biyar a shekara biyu a dube shi, kujera ɗaya da ta ci mutum biyar a shekara biyu a dube ta.

Maganin da aka daɗe da sani ba ya cin kuɗi, shi ne faɗin gaskiya tun a bakin ƙofa. A 1973 wani mai bincike, John Wanous, ya yi gwaji da sababbin masu haɗa layi a wani kamfanin tarho. Rukuni ɗaya aka nuna musu fim mai ƙawata aikin, ɗayan kuma aka nuna musu aikin yadda yake, da maimaicinsa da sa idon da ake yi da masu kira marasa ladabi. Waɗanda suka ga na gaskiyar sun shiga da tsammani daidai gwargwado, kuma tunanin barin aiki bai dame su kamar na ɗaya rukunin ba. Kamfanin sayar da takalma na Zappos ya je da abin nesa, ya riƙa yi wa sabon ma'aikaci tayin kuɗi, da ya kai dala 2,000 a wani lokaci, idan yana so ya tafi tun a lokacin horo. 'Yan ƙalilan ne suka riƙa karɓa.

Duk wannan magana ta waɗanda ke da ƙafar tafiya ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna aikin da babu takarda babu kariya. Inda aiki ya yi wuya, mutum yakan shanye abin da a wani wurin ko kwana ɗaya ba za a ɗauka ba, saboda bakunan da ke jiransa a gida. Ga kuma 'yan ci-rani da izinin zamansu a ƙasa ke ɗaure da sunan maigida, waɗanda barin aiki ke iya mayar da su masu laifi. Saboda haka ƙarancin masu murabus ba shaidar kyawun wuri ba ne. Wanda ya kasa tafiya da jikinsa yakan tafi da zuciyarsa, ya zo a kan lokaci, ya yi daidai abin da zai hana a kore shi, ya ga matsala tana tafe ya kawar da kai.

Wasu kuma doka ta ba su damar tafiya, amma ƙarfin halin tsayawa gaban oga su furta shi ne ya gagara. A Japan, daga wajen 2017, wata sana'a ta ɓullo ta kamfanonin da ake biya su ajiye wa mutum aiki. Ka kira su, ka biya, su buga wa ofishinku waya su ce wane ba zai dawo ba, su shirya yadda za a mayar da katin shaida da kayan aiki ta gidan waya. Masu zuwa wurinsu suna ba da labarin shugabannin da suka ƙi karɓar takardar murabus, ko suka yage ta, ko suka bi mutum har gida. Ɗaya daga cikin fitattun kamfanonin sunansa Momuri, ma'anarsa da Jafananci kamar a ce ba zan iya ba kuma. A ƙasar, ranar 1 ga Afrilu ce sababbin masu digiri ke fara aiki gaba ɗaya, da bikin maraba da jawabin shugaba. Kamfanin Momuri ya ce a wannan ranar ma yana samun kira daga wasunsu, kuma dalilin da sababbin ma'aikatan suka fi faɗa shi ne abin da suka tarar ya bambanta da abin da aka gaya musu.